Zuwa baje kolin motoci: me ɗan kallo zai yi, me zai kiyaye?

Abu_Yara:

Assalamu alaikum jama'a. Akwai baje kolin motoci da nake son zuwa da yarana biyu, ɗan shekara biyar da 'yar shekara takwas. An ce kamfanoni za su kawo sababbi, masu sha'awa kuma za su fito da tsofaffin motocinsu. Don Allah masu sani ku yi min bayani: ana taɓa mota? Ana shiga a zauna? Hoto fa, sai an nemi izini? Ba na so mu je mu ɓata wa wani dukiya, mu kuma ji kunya a gaban mutane.

Mai_Fenti:

Wa alaikumus salam. Malam, da ka shiga fili ka fara raba motocin gida biyu. Akwai na kamfanoni da dillalai, irin waɗanda ake jerawa a baje kolin motoci na Abuja. Waɗannan don sayarwa aka kawo su, za ka tarar da ƙofa a buɗe da ma'aikaci tsaye a gefe, ka yi masa magana ya ba ka dama ka shiga. Akwai kuma motar mutum ta kansa, wadda ya kashe shekaru da kuɗi yana tattali. Ita wannan da ido kawai ake kallonta, ko an zagaye ta da igiya ko ba a zagaye ba.

Dalilin yana cikin fentin. Motar zamani tana da wani shafi mai sheƙi a saman launin, kaurinsa wajen maikiron 40 zuwa 50 ne, wato bai kai kaurin silin gashi ba. Ƙurar da ke sauka a kai kuwa akwai ɓarɓashin yashi a cikinta, kuma yashi ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Idan ka ja yatsa a kan bonet mai ƙura, musamman a lokacin hunturu, tamkar ka goga samfefa ce. Nan take ba za ka ga komai ba. Sai rana ta haska baƙar mota, a ga zane sirara kamar saƙar gizo. Fitar da su sai an goge da inji, kowace gogewa kuma tana cinye wani abu daga wancan shafin, ga shi ba ya tsirowa.

Tsohuwar mota ta fi haka rauni. Yawancin waɗanda aka ƙera kafin shekarun 1980 fenti hawa ɗaya ne, babu shafin kariya. Wadda take da fentinta na asali kuwa, in ya ɓaci ya ɓaci ke nan, sabon fenti ba zai maye gurbinsa ba. A gasar Pebble Beach da ake yi a Kalifoniya ta Amurka tun 1950, akwai rukuni na musamman don motocin da ba a sake musu jiki ba, kuma a 2024 wata Bugatti Type 59 ƙirar 1934 daga wannan rukuni ce ta ci babbar lambar gasar gaba ɗaya. Ka ga darajar irin wannan fenti, duk da tsagewarsa da dushewarsa.

Sai tufafi, kuma nan ne mutanen kirki suka fi yin ɓarna ba da sani ba. Kan bel, zif, ƙusoshin wandon jins, zobe, agogo, awarwaro, makullai a ƙugu, jakar da ke lilo a kafaɗa, duk suna karta. Mutum ya sunkuya zai leƙa ta taga, kan bel ya daki ƙofa. Mai babbar riga ya naɗe hannuwanta a kafaɗa kafin ya matso, mai mayafi ta tattare shi. Ku bar tazarar tsawon hannu tsakaninku da mota, hannuwa a baya in za a leƙa. Jingina kuwa babu ita sam. Tsofaffin Land Rover da motocin tsere da yawa jikinsu na alminiyam ne, gwiwar hannu kaɗai tana iya lotsa su.

Bakanike:

Mai_Fenti ya gama da waje, bari in shiga ciki. Wani lokaci mai tsohuwar mota yakan ce bismillah, shiga ka zauna. Karamci ne, amma izinin zama kawai ya ba ka.

Kafin ka zauna ka fitar da waya da makullai daga aljihun baya, ka kakkaɓe takalmi. In kana sanye da sabuwar shadda ko rinannen yadi mai zuba, ka faɗa masa, domin farar kujerar fata tana shan launi. Haka man shafawa, turare mai maiƙo da ɗanyen lalle. Ka fara ajiye mazaunai a kujera, sannan ka ɗago ƙafafu ka shigo da su. Kada ka rataya nauyinka a sitiyari, ko saman ƙofa, ko firam ɗin gilashin gaba na motar da ba ta da rufi. Kada ka taka dokin ƙofa, haka matakin gefe irin na Volkswagen Beetle, ƙarfen siriri ne. Mercedes 300 SL ta 1954, mai ƙofofin da ke buɗewa sama, dokin ƙofarta yana da faɗi da tudu, har sitiyarinta ana karya shi ƙasa don direba ya samu shiga. Irin wannan sai mai ita ya nuna maka yadda ake yi. Ƙofar ma ka bar masa ya rufe da kansa, kowace tsohuwar mota da nata hannun.

Abu uku ne kada ƙafarka ko hannunka su taɓa. Totur: mota mai kafireta, kamar Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, tana da ɗan famfo da ke fesa fetur duk lokacin da aka taka totur, ko injin a kashe yake. Yaro ya taka sau goma yana wasa, fetur ya jiƙa fulogi, mota ta ƙi tashi lokacin tafiya gida. Giya da kulochi: masu tsofaffin motoci sukan bar su a giya saboda birkin hannun ba abin dogaro ba ne, in ka cire giyar a gangare mota za ta mirgina, ga wata motar a gaba, ga mutane. Sitiyari: murza shi mota na tsaye, taya na manne da ƙasa, yana wahalar da akwatin sitiyarin da sandunansa, kayan da samunsu yau sai an sha wuya.

In an buɗe bonet, ka leƙa daga nesa. Injin da ya shigo fili yanzu salansarsa tana ƙona fata a taɓawa ɗaya, wasu motocin kuma irin su Shelby Cobra salansar a gefe take, daidai ƙwaurin yaro. Inji na aiki, fanka da bel suna fizgar mayafi ko jelar rawani. Sigari a ajiye shi a waje, tsohuwar mota tana fitar da tururin fetur ta kafireta da tanki. Motar lantarki kuma, duk wayar da ka ga launin ruwan lemo ce mai ɗauke da babbar wuta, bolt 400 ko 800.

Sannan ka kula da mota mai motsi. Birkin tsohuwar mota ba ya kamawa kamar na yau, direban ba ya ganin baya sosai, injin kuma yana zafi in ta daɗe a tsaye tana jiran mutane su kauce. A bikin motoci na Goodwood a Ingila 'yan kallo suna yawo har cikin rumfunan motocin tsere, abin yana yiwuwa ne saboda da ma'aikatan fili sun ce a buɗe hanya kowa yake ja da baya. In an tashi taro kada ku tsaya bakin ƙofar fita, inda matasa ke zuga direbobi su ƙona taya. Motar da ke ja da tayoyin baya in ta ƙwace, kan mutanen gefen titi take yi.

Mai_Kyamara:

Hoton mota ba ya buƙatar izini a irin wannan taro, don a gan ta aka kawo ta. Izini na mutane ne: mai motar, iyalinsa, da duk wanda fuskarsa za ta fito sosai. Lambar mota kuma ka rufe ta kafin ka ɗora a Facebook ko TikTok, ko ka tambayi mai ita. Kada a ɗora yaro a bonet don hoto, kada a ajiye jaka ko robar ruwa a kan but. In ka ga wani ya durƙusa yana saita kyamara, ka zaga ta bayansa. Mai son fili babu cunkoso ya zo da an buɗe ƙofa, hasken safe ma ya fi kyau a jikin fenti.

Ban yarda a ji tsoron masu motocin ba. Yawancinsu so suke a tambaye su. Ka yi sallama, ka tambayi shekarar motar, injin na asali ne, wane kaya ne ya fi wuyar samu. Nawa ka saya ba ita ce tambayar farko ba, kushe kuma ka bar shi a cikinka. Lokaci ɗaya ne ba a katse shi: in alƙalan gasa suna tsaye a kan motarsa da takardunsu.

Yaran kuwa, ka gaya musu dokar tun a gida, su ci alawa da askirim nesa da layin motoci, ɗan shekara biyar ɗin hannunsa a naka.

Abu_Yara:

Allah ya saka da alheri. To in tsautsayi ya sa yaro ya taɓa fa?

Mai_Fenti:

Kada ka goge, ko da hannun riga, ko da hankici, ko da tishu. Shatin yatsa ba ya lahani cikin awa ɗaya, gogewar ce take karta. Ka nemi mai motar ka nuna masa wurin, ka ba shi haƙuri. Yana da ruwan fesawa da tawul mai laushi na musamman, zai jiƙa wurin sannan ya ɗauke shatin a hankali. In karta ce ta gaske ko lotsawa, ku ɗauki hoton wurin tare, ka ba shi lambar wayarka, ku sanar da masu shirya taron kafin kowa ya bar fili.