Diyyar rauni a wurin aiki: kamfani ya ƙi sa hannu

Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan injin casar shinkafa ya datse min yatsu uku na hannun dama, ko cokali ba na iya riƙewa sosai. Likita ya rubuta cewa nakasar ta dindindin ce. Na cike fom ɗin neman diyya na NSITF, hukumar gwamnati mai biyan diyyar ma'aikatan da suka ji rauni a wurin aiki, amma akwai gurbin lambar rajistar kamfani da sa hannun shugabansa. Ashe kamfaninmu bai taɓa biyan NSITF kashi 1 cikin ɗari na albashin ma'aikata da dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta ba. Sau biyar ina zuwa, manaja kullum "dawo jibi". Wa'adin shekara ɗaya na miƙa takardun neman diyya kuma ya kusa cika.

Don Allah, zan iya miƙa takardun da kaina ba tare da sa hannunsu ba?