Yaya ake horar da zuciya kafin gasar iyo, keke da gudu?

Ɗan Nasarawa, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Ina shirin shiga gasar da ake kira tirayatulon, wadda ɗan wasa ke yin iyo, ya fito ya hau keke, ya sauka ya kama gudu, duk a jere babu hutawa. Tsawon da nake nufi shi ne wanda ake yi a gasar Olamfik tun shekarar 2000, wato iyo mita 1,500, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Kowanne ina iya kammala shi idan shi kaɗai na sa a gaba, amma da zarar na haɗa su sai zuciyata ta riga jikina karaya. A cikin ruwa gabana yakan faɗi idan wani ya matso ni, in kuma na sauka daga keke sai ƙafafuna su yi nauyi har in ji ba abin da nake so illa in zauna a bakin titi. Shin ana koyon ƙarfin zuciya, ko kuwa baiwa ce da wani ke da ita wani ba shi da ita?

Tsohon Malamin Wasanni, Argungu

Wa alaikumus salam, ɗana. Ana koyonsa, kuma ba a kan tabarma ake koyonsa ba, a cikin atisayen ake koyonsa. Zan tsaya a kan maganar ruwa, domin ita na fi sani.

Duk wanda ya taɓa kallon kabanci, wato wasannin ruwa na gargajiya, a Argungu lokacin bikin kamun kifi ya ga samarin da ke nutso da tseren iyo cikin turmutsutsu ba tare da sun razana ba. Ba wai an haife su da wata zuciya dabam ba ne. Tun suna yara ake ture su, ake danne su, ruwa ke shiga hancinsu, har abin ya daina zame musu baƙo. Abin da ke firgita ka ba ruwan ba ne, bazata ce, kuma maganinta shi ne ka gayyato ta tun kafin ranar gasa. Ka sami abokai su yi iyo a gefenka, su riƙa gogar kafaɗarka suna taɓa ƙafarka da gangan, kai kuma aikinka ɗaya ne, ka ci gaba da fitar da numfashi a ƙarƙashin ruwa, domin mai tsoro riƙe numfashi yake yi, riƙewar kuma ita ke haifar da haki, hakin ya ninka tsoron.

Ka kuma san haƙƙinka tun da wuri. Dokar gasar ta yarda ka juya rigingine har numfashinka ya daidaita, ta kuma yarda ka dafa kwalekwalen ceto ka huta matuƙar bai ja ka gaba ba. Sanin cewa akwai mafita yakan sa mutum bai ma buƙace ta ba. Ranar gasa ka tsaya daga gefe ko daga baya, ka bar masu gaggawa su yi gaba. Kada dai ka shiga gulbi kai kaɗai, ka tambayi masunta inda ruwa ke ja, kuma ka tuna da tsargiya kafin ka mayar da kowane tafki wurin atisaye.

Mai Keke, Jega

Baba Malam ya gama da ruwa, Allah ya ƙara lafiya. Ɗan'uwa, nauyin ƙafar da kake ji ba alamar gazawa ba ce, kusan duk wanda ya sauka daga keke ya kama gudu yana jin sa, kuma yakan ragu bayan kilomita ɗaya ko biyu idan ka rage faɗin taku ka bar jiki ya sauya aiki. Matsalar ita ce zuciyarka tana yanke wa kilomita goma hukunci da abin da ta ji a mintunan farko. Saboda haka ka riƙa ƙara gajeren gudu a ƙarshen hawan keke ko da na minti goma ne, ka kuma ɗaukar wa kanka alkawarin cewa ba za ka yi shawarar tsayawa ba sai ka wuce kilomita na biyu. Kada ka ɗauki dukan nisan a kai lokaci guda. Ka sa ido a kan wurin shan ruwa na gaba, in ka kai shi ka zaɓi wani. Ka tanadi gajeriyar kalma wadda ke ba jiki umarni, kamar "saki kafaɗa" ko "taku gajere", domin ta fi "kada ka gaji" amfani nesa ba kusa ba.

A shekarar 2009 wani masanin kimiyyar motsa jiki, Samuele Marcora, da abokan aikinsa sun buga wani bincike inda suka sa mutane aikin kwamfuta mai gajiyar da ƙwaƙwalwa na minti 90, sannan suka ɗora su a kan keke. Sun sare da wuri fiye da ranar da ba su yi wannan aikin ba, alhali bugun zuciyarsu bai nuna wani bambanci ba. Abin da ya sauya shi ne yadda suka ji wahalar. Darasin da na ɗauka shi ne a rage wa ƙwaƙwalwa aiki kafin gasa: ka shirya kayanka tun daren jiya, ka ajiye waya, ka maimaita a zuci yadda za ka fito daga ruwa, ka ɗaura hular kwano kafin ka taɓa keke, domin haka doka ta ce, har sai abin ya daina buƙatar tunani.

Ma'aikaciyar Lafiya, Yauri

Ina gaishe ku baki ɗaya. Ban ƙi abin da aka faɗa ba, sai dai alkawarin "ba zan tsaya ba" yana ba ni tsoro a ƙasa irin tamu, inda zafi kan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu. A shekarar 2016 a Kozumel ta ƙasar Meziko, Jonny Brownlee na Ingila, wanda bai daɗe da cin lambar azurfa a Olamfik ta Riyo ba, yana kan gaba dab da ƙarshen tsere sai zafi ya rinjaye shi ya fara tangaɗi, sai da yayansa Alistair ya tallabe shi ya kai shi layin ƙarshe. Mutane suna yaɗa hoton a matsayin jarumta, ni kuwa abin da nake gani shi ne ƙwararren da taurin zuciya bai kare shi daga zafi ba.

Ƙanena, nauyin ƙafa da haki da jin ka ƙosa, duk ana iya daurewa a wuce su. Amma jiri, ruɗewa, amai, ciwon ƙirji, ko jin sanyi da tashin tsigar jiki alhali rana na dukanka, waɗannan ba wasiwasi ba ne, kuma wanda ya ji su ya nemi inuwa da taimako nan take. Abin da ya sa nake so ka haddace su tun kana gida shi ne, zafi idan ya yi yawa hankalin da zai yanke shawarar tsayawa shi yake fara taɓawa.

Ɗan Nasarawa, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, to yaya zan haɗa alkawarin kilomita biyun da gargaɗinki?

Tsohon Malamin Wasanni, Argungu

Kafin Hajiya ta dawo, ɗana, ka rubuta su a takarda ɗaya: alkawarin yana aiki ne muddin babu ko ɗaya daga cikin alamomin da ta lissafa, kuma ka ba abokin atisayenka ikon tsayar da kai ko ba ka so. Ka mayar da atisaye mai tsanani bayan sallar asuba, cikin azumi kuwa ka bari sai bayan buɗa-baki.