Shebur, inji ko ɗan kwangila? Hunturuna na farko a gidan kaina

Baban Ummi
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kan share ƙofar gida kafin dusar ƙanƙara ta sauko. Shekarata huɗu a Ottawa, ƙasar Kanada, amma duk a bene muke haya, masu ginin ke share waje, nawa kawai in kaɗe gilashin mota in wuce. A watan Agusta Allah ya hore mana gida a unguwar Orléans, yanzu ƙofar gareji ta dawo wuyana. Filin yana cin mota biyu, kuma yana da ɗan gangara zuwa titi. Biyar da rabi na asuba nake fita aiki. Ina fama da ciwon baya tun bara, likita ya hana ni ɗaukar nauyi. Mai ɗakina ta yi nauyi, a Janairu muke sa rai. Garejin kuma ƙarami ne, in mota ta shiga ko keke ba ya samun wuri.

Wani ɗan kwangila ya saƙala mana takarda a ƙofa: dala 520 na hunturu gaba ɗaya, a biya kafin ƙarshen Oktoba. In ba shi, ko in sayi inji, ko in lallaɓa da shebur? Wanda ya taɓa, don Allah ya faɗa mini gaskiya.

Ɗan Fagge
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya sauki iyali lafiya. Shebur kawai, malam, motsa jiki ne kyauta. Ni a Calgary minti ashirin na gama. Wata rana ma da injin hura ganye nake kore ta. Sai dai kada ka yi wasa da hanyar ƙafa ta gaban gidanka, awa 24 ake bayarwa bayan dusa ta tsaya, in ka wuce tarar dala 250 ce.

Injiniya Minneapolis
Sayi inji ka huta. Amma ba ƙaramin nan mai robar da ke shafar ƙasa ba, shi in dusa ta jiƙe sai dai ya riƙa tari. Nemi mai aiki kashi biyu: ƙarfen gaba ya murɗe dusar ya jawo ta, fankar ciki ta cilla ta nesa, kuma tayoyinsa ke jan kansa, kai rakiya kawai kake yi. Nawa Ariens ne, dala 1,100 na saye shi, hunturu shida ke nan bai ba ni kunya ba. Abu biyu: in bazara ta zo ka ƙone fetur ɗin da ya rage a ciki, in ya kwana wata shida sai ya toshe kafireta. Sannan in bututun ya cushe, kada ka kuskura ka zura hannu, ko da ka kashe injin. Ƙarfen yana nan a ɗaure da ƙarfi, da ya samu sarari zai juya ya tafi da yatsu. Akwai sandar roba da ke zuwa da shi, da ita ake zungura.

Ɗan Maraɗi
Mu nan Montreal ba a ma yin wannan gardama. Da Nuwamba ta kama za ka ga an kafa 'yan sanduna a bakin kowane gida da sunan mai kwangila, tarakta ta bi layi tana kwashewa. Wasu kuma su kafa tantin farar leda a kan filin, mota ta kwana ciki. Dala 380 na biya bana. Wanda ya ce maka 520 ya ga baƙo ne.

Bazazzage
Baban Ummi, kada ka ba kowa kuɗinka a dunƙule. Ni aka yi wa, kuma har gobe ina shan maganin abin.

Hunturu biyu da suka wuce, irin takardar nan aka saka mini a ƙofa. Mutumin ya zo da fara'a, ya kafa sandunansa, na ba shi dala 600 lakadan, ya rubuta mini rasit da biro a bayan katinsa. Sau biyu ya zo a Disamba, ya yi aiki tsaf, har na tallata shi ga maƙwabcina. Da Janairu ta shigo sai wayarsa ta daina shiga.

Ranar da abin ya faru, an kwana ana zuba ta. Na tashi sallar asuba na leƙa taga, motata ba ka ganin komai sai madubin gefe. Ƙarfe bakwai zan karɓi aiki, kuma a lokacin ban cika wata uku a wurin ba, ba na son a ce Bahaushen nan ya fara latti. Ban ci komai ba, na kurɓi kofi na ja shebur. Dusar ranar jiƙaƙƙiya ce, kowane ɗiba kamar ka ɗebo kwaɓaɓɓen siminti. Ina ɗagawa ina jifa bisa tudun da ya riga ya kai ƙirjina. Na ci rabi ke nan sai na ji gumi ya jiƙe mini singileti a cikin sanyin nan, hannun hagu ya yi nauyi, wani abu ya tokare mini ƙirji. Na ɗauka ƙwarnafi ne. Na zauna a kan dakalin ƙofa ina cewa bari ya wuce. 'Yata ce ta leƙo ta ga na jingina da bango, ta kira 911. Su kansu masu motar asibitin a titi suka tsaya, suka keto dusa da ƙafa suka ɗauke ni.

Jijiyar zuciya ce ta toshe, aka saka mini ɗan ƙarfe aka buɗe ta. Shekarata 49 a lokacin, ban taɓa sanin ina da hawan jini ba. Wata biyu ban je aiki ba. Mutumin kuwa daga baya na ji mun fi goma a unguwar da ya yi wa haka. Sandunansa suna nan a garejina, na kasa zubarwa.

Maman Khalil
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannu Yaya, Allah ya ƙara lafiya, ya sa kaffara ne. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma duk bayan babbar dusa muna ganin irin wannan. Sanyi yana matse jijiyoyin jini, ga ɗaga nauyi da hannu, ga mutum yana riƙe numfashi in zai cilla, jini sai ya hau lokaci guda. Mazanmu kuma ba sa zuwa awo sai an kwashe su. Wanda ya zama dole ya yi, ya tura dusar turawa, kada ya ɗaga, ya riƙa hutawa, kuma gara a fita sau uku ana tsaka da zubowa da a jira ta taru.

Ɗan Fagge
Allah ya ƙara sauƙi, Bazazzage. Amma 600? Ai kai ma ka yi sakaci. A nan akwai yaran unguwa, dala 20 ka ba su sun share maka tas.

Bazazzage
Yaron da zai fito ƙarfe biyar na asuba don dala 20, turo mini shi.

Baban 'Yan Biyu
Injiniya, 1,100 ɗinka ta Amurka ce, kuma ta shekara shida baya. Makon jiya na zaga kantuna a unguwar Kanata ta nan Ottawa, mai kashi biyu na kirki ban ga ƙasa da 1,500 ba, kafin haraji. Na hannu na samu a Kijiji, shafin saye da sayarwa na intanet, a 450, na kai gyara aka ci mini 180. Ɗan Maraɗi kuma, gidajenku a manne suke, tarakta ɗaya ta share ashirin a layi guda, dole ya yi araha. Ni 560 nake biya, kashi biyu, rabi a Nuwamba rabi a Janairu. Kamfanin ya shekara a unguwar, ina ganin taraktocinsa. A takardar an rubuta sai dusa ta kai santimita 5 za su zo, kuma ba ruwansu da matakala da hanyar ƙofar falo.

Na Houston
Ni a ganina ku sauƙaƙa wa kanku. Ka zuba buhun gishiri tun da dare, da safe ka watsa ruwan zafi, shi ke nan.

Baban 'Yan Biyu
Ruwan zafi a gangara! So kake mai juna biyu ta sulale har titi? Malam, kai da kake Houston me ya kawo ka maganar dusa?

Na Houston
Mu ma mun ga ƙanƙara a Fabrairun 2021, kwanaki muka yi babu wuta. Ba ku kaɗai kuka san sanyi ba.

Alhaji Tsohon Hannu
Ɗana na Houston, abin da ya same ku jarrabawa ce, ba a raina ta, amma sau ɗaya ba ta mai da mutum malami. Shekarata 24 a garin nan na Ottawa. Ina nan a Fabrairun 2016 da aka zuba santimita 51 a yini guda. Gishiri ba ya cin dusa mai tudu, aikinsa hana ragowar daskarewa bayan an share. Kuma gishirin gama-gari in sanyi ya zarce digiri 10 ƙasa da sifili ƙarfinsa ya fara mutuwa, sai dai mai kalsiyam, ko ka watsa yashi don ƙafa ta samu riƙo. In daɓen simintin sabo ne, gishirin ma zai ɓarɓashe shi.

Kai kuma Ɗan Fagge, dusarku busasshiya ce kamar garin rogo, ga iskar nan mai ɗumi da ke sauko muku daga duwatsu ta narkar da ita. Tamu da ruwa take zuwa, wani lokaci ruwan sama ya biyo ya daskare a kai. Dokar awa 24 ɗinka ma ta garinku ce, a Ottawa hukumar birni ke share hanyar ƙafa.

Ɗan Fagge
Ranka ya daɗe, ba musu nake ba, amma mu ma muna ganin 30 ƙasa da sifili. Daɗewa ba ita ce kaɗai ilimi ba.

Sarkin Zafi
Ni daga Kano nake bin ku. Don Allah duk wanda ta dame shi ya loda mana a kwantena kafin azumi, masu zoɓo da kunun aya suna jira. Ga NEPA ta ɗauke tun jiya, ku kuna biyan kuɗi a kwashe muku ƙanƙara!

Ɗan Maraɗi
Kuɗin jirgi a kanka, kaya kyauta.

Maman Khalil
Ku dai kuna wasa, amma duk wanda zai ɗumama mota ya fara buɗe bakin salansa, haka bututun hitar gida da ke fita ta bango. In dusa ta toshe su hayaƙin ciki yake komawa, ba shi da wari. A guguwar Buffalo ta Disambar 2022 an rasa fiye da mutum 40, har da waɗanda suka faɗi suna shara da wanda hayaƙin ya kashe a gida.

Baban 'Yan Biyu
Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ma ba dusar sama ba ce, katafilar hukuma ce. Ka gama share filinka, ka shiga ka zuba shayi, sai ka ji ƙararta. Ta kwaso duk ta titi ta jibge maka a bakin ƙofa, tudu har gwiwa, ga gishiri ga dunƙulen ƙanƙara. In ka bar shi awa biyu ya zama dutse, sai da diga. Harajin gida kuwa ba sa mantawa.

Alhaji Tsohon Hannu
Akwai dabara. In ka tsaya kana fuskantar titi, dama za ka riƙa tara taka, sannan ka share ɗan wuri a hagu, ta inda katafilar ke fitowa, ta sauke kayanta can kafin ta iso ƙofarka. Yana ragewa, ba ya hanawa. Kada dai haushi ya sa ka mayar musu titi, laifi ne.

Bazazzage
Ni gidana a kan kwana yake, Alhaji, na layi biyu ake tara mini. Na kira 311, lambar hukumar birni, ya fi sau biyar.

Baban Ummi
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yaya Bazazzage, labarinka ya hana ni barci. Sai dai har yanzu ban ji inda zan ajiye inji ba, kuma ko 'yan kwangilar nan suna isowa kafin biyar da rabi? Shi tudun katafilar yana cikin kuɗin ko daban ne?

Baban 'Yan Biyu
Nawa suna dawowa su kwashe shi, amma sai sun ga dama, wata rana sai azahar. Kuma ka kula, in suka ce ka fitar da mota su share, ka duba ko an sa dokar hana ajiye mota a titi. Bara haka na fitar da tawa don su samu wuri, tarakta ba ta zo ba, mai tikiti ya zo.

Ɗan Maraɗi
Kai tikiti kawai ka samu. Mu janye motar ake yi a ajiye maka ita a wani layi, ka fito da safe da yara za ku makaranta ka tarar da wayam. Sau biyu ana yi mini, na biyun ma allon da suka ce sun kafa iska ta kayar da shi, ina da hotonsa a waya har yanzu.