Muhawara: Shin shafe matajin hamonika yana kashe mata murya?

Baba na Tudun Wada: Salamu alaikum. Na ga hoton da aka turo jiya, an kwance hamonika, ɗan abin busan nan na baki, an shafe katakon cikinta har yana sheƙi. Ni dai ban yarda da aikin nan ba. Katakon da ke tsakanin farantan tagulla biyu, wanda kuke kira mataji saboda haƙoransa, shi ke ba ta taushin murya. Ka toshe shi da kakin zuma ko shalak, wato ƙaron shafa katako, ka mai da shi roba ke nan. Shekara 30 ina busa hamonika samfurin Marine Band. In ta fara sakin iska sai in tsoma ta a kofin ruwa, in karkaɗe, ta dawo garau.

Kafintan Sabon Gari: Wa'alaikumus salam. Baba, Allah ya ƙara girma, ni na yi aikin. Gaskiya ne tana dawowa garau, amma na kwana nawa? Kun san ƙotar gatari in ta yi sako-sako aka jiƙa ta, ranar za ta kama tsam, in ta bushe kuma sai ta fi da girgiɗi. Katako ya kumbura a inda ba shi da wurin buɗawa, sai namansa ya murƙushe, ba ya komawa yadda yake. Haka mataji yake, an danne shi da ƙusoshi sama da ƙasa. Ga garin namu kuma. Ƙofar da ba ta rufuwa a watan Agusta, ita ce za ka leƙa waje ta gefenta a Janairu. Ɗan katakon da bai kai kaurin yatsa ba, ana hura masa tururin baki sannan hunturu ya busar da shi cikin dare ɗaya, ina zai kai?

Ɗalibar Samaru: Ni leɓena ne shaida. Bara na bi shawarar jiƙawa, haƙoran matajin suka turo waje, na yi kwana uku ban iya shan shayi mai zafi ba. Na aske su da reza, da ta bushe sai suka shige ciki.

Baba na Tudun Wada: 'Yata, kin bar ta ta daɗe a ruwan ne. Tsomawa ake yi, ba jiƙon kanwa ba.

Ɗalibar Samaru: To Baba, amma a duba kamfanin kansa. Hohner na garin Trossingen a Jamus tun 1896 suke yin Marine Band da itacen fiya ta Turai, ba tamu mai maiƙo ba. Su da kansu suka fito da Deluxe, itacen ɗaya ne amma an shafe shi sau uku, aka sa sukurori maimakon ƙusa. Crossover kuma matajinta na gora ne, shi ma a shafe. Da shafawa na kashe murya, za su yi wa masu tsadarsu haka?

Baba na Tudun Wada: Kamfani ciniki yake nema, ba ya son a dawo masa da kaya. Tsofaffin masu busar kiɗan bulus (blues) na Amurka jiƙawa suke yi, kuma har yau muryarsu ake bi. Kunnena ba zai yi mini ƙarya ba.

Malamin Kongo: Baba, kunnenku ya ji wani abu, a kan dalilinsa ne muka saɓa. Gurmi da goge, ƙwarya da fata ne ke amsa tsirkiya, ka taɓa su ka taɓa murya. Hamonika ba haka take ba. Harsunan tagulla 20 ne a ramuka 10, kowanne yana kaɗawa yana yanka iska, sai kogon baki da tafin hannu su gyara sautin. Matajin yana matse tsakanin ƙarfe, ga hannu ga leɓe, ba shi da sararin amsawa. Babban aikinsa ya hana iskar wannan rami tsallakawa wancan. Ina zaton taushin da kuke ji, 'yar iskar da ke zurarewa ce take rage kaifin sauti. Kuma mai busa yana jin karkarwar abin a haƙoransa, wanda mai saurare ba ya ji.

Baba na Tudun Wada: To in zurarewar ce ke ba ni abin da nake so, Malam, don me zan toshe ta?

Malamin Kongo: Nan kam ba ni da ta cewa. Sai dai ba ta tsayawa inda kuke so, kullum ƙaruwa take har lanƙwasa sauti, wato saukar da shi ƙasa da baki, a rami na 2 da na 3 ya gagara.

Ɗalibar Samaru: Oga kafinta, man gyaɗa zai yi?

Kafintan Sabon Gari: Kul, ƙanwata. Zai yi gafi, ya ja ƙura, kuma bakinki za ki sa. Haka banish ɗin kujeru da ba a san abin da ke ciki ba. Kafin maganar shafi ma, sai an shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashi an goge fuskokin matajin sun miƙe sumul, an ɗan kashe kaifin haƙoran. Rabin gyaran a nan yake. Kakin zuma yana da kyau, a narka shi ya shige, a goge na sama sarai. Yana narkewa ne a wajen digiri 63, amma tun kafin nan yake laushi, in aka manta da ita a mota da ranar Afrilu zai iya liƙe harshen tagullar. Ni shalak na fi so, siriri-siriri sau uku, musamman cikin ramukan. Shalak ƙaro ne da wani ƙwaro ke fitarwa a Indiya da Tailan, da shi ake lulluɓe wasu ƙwayoyin magani da alawa.

Baba na Tudun Wada: Ba da sifirit ake narka shi ba?

Kafintan Sabon Gari: Da shi ne, amma tashi yake yi. Ina barin sa kwanaki har warin ya ɓace kafin in haɗa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ga kaki nan.

Baba na Tudun Wada: Ina da guda biyu masu murya iri ɗaya, wato C, tare na saye su. Ɗana, zan kawo maka ɗaya shago ranar Asabar bayan la'asar, ka yi mata na kakin. In ta gama, Malam ya busa su a bayan labule in faɗi wacce ce wacce. Ɗayar kuwa ba mai taɓa mini ita.

Malamin Kongo: Na yarda, amma sau goma za mu yi, kuma ranar ba tsomawa a ruwa.