Iskar bakin teku ta kore mu cikin minti 20, wane lokaci ya fi dacewa mu koma?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Asabar ɗin da ta wuce ni da maigida da yara muka kama hanya zuwa wajen aminiyata ta makaranta, rabona da ita shekara 9. Tafiyar awa 4 ce a mota. Gidansu bai fi minti 15 da bakin teku ba, su kuma 'yan biyuna ba su taɓa ganin teku ba, tun a hanya suke tambayata ko ana hango ƙarshensa.

Hira ta ɗauke mu, ba mu fita ba sai wajen ƙarfe 3. Muna sauka daga mota iska ta tare mu. Rairayi na dukan ƙafa kamar ana tsira allura, lemar da muka kafa ta kife, ƙaramar ta fashe da kuka yashi ya shiga mata ido. Minti 20 muka yi muka tattara. Abin ya tsaya min a rai, don na daɗe ina yi musu alkawari. Wata mai zuwa za mu koma. Kullum haka iskar take? Sannan gilashin motar ya yi wani fari-fari, an goge ya ƙi fita.

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kun je ne daidai lokacin da ta fi ƙarfi. Ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi. Idan rana ta take, iskar da ke kan tudu takan yi zafi ta tashi sama, sai mai sanyi ta kwararo daga teku ta cike gurbin. Shi ya sa takan faro da hantsi, ta kai maƙura tsakanin azahar da la'asar. Da dare lamarin juyawa yake yi, kuma ba ta da ƙarfi sosai. Ku isa wurin tsakanin ƙarfe 7 da 9 na safe. Kafin ku fita ku duba hasashen yanayi a waya, don akwai ranakun da take wuni tana kaɗawa. In ta haura kilomita 25 a awa, busasshen rairayi zai tashi. Jiƙaƙƙe kuwa ba ya tashi, ku shimfiɗa tabarma inda yake da ɗan danshi.

Tsohon Direba:
'Yata, farin nan gishiri ne, iska ke kwaso feshin ruwa ta watsa wa mota. Kada a goge shi a bushe, akwai yashi a ciki, zai karce gilashin. A kwarara ruwa sosai tukuna. Ki ce wa maigida ya sa a wanke har ƙarƙashinta, can tsatsa ke fara ci. Kuma ya ajiye ta nesa da ruwan, kada ya yarda ya hau rairayi da ita.

Yaya Babba:
Ni ba iskar ce ke tsorata ni ba, ƙanwata, ruwan ne. Malam ya ce ku matsa inda ke da danshi, gaskiya ne, amma ki san teku na cika yana janyewa, a yawancin wurare sau 2 a rana, kusan awa 6 tsakanin cika da janyewa. Lokacin yana ƙara jinkiri da kamar minti 50 kullum, saboda haka abin da kuka gani wancan zuwan ba shi za ku tarar ba. Ya fi cika sosai a tsayuwar wata da tsakiyarsa.

Sai abu ɗaya da nake roƙon ki riƙe. In kika ga wani ziri a ruwan ya yi duhu, ya kwanta luf alhali gefe da gefe igiyar ruwa na fashewa, nan ne ruwa ke komawa ciki da ƙarfi. Babba ma in ruwan ya ja shi ba ya kokawa da shi, gefe yake bi, ya yi iyo daidai da gaɓa har ya fita. Yara kuwa iya idon sawu, hannunsu cikin naku, ba ki juya wa teku baya.

Maman 'Yan Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira aminiyata, ta ce mu zo tun Juma'a mu kwana, da sassafe mu fita. Yaya, wallahi na ga irin wurin da kika faɗa, har na nuna wa maigida na ce can ya fi kwanciya, gara mu kai su can.