Neman taimako: me za mu kira EAL da Hausa?

Malamar Aji Biyu, Tudun Wada:
Assalamu alaikum malamai. Ranar Litinin za mu fara bita da malaman aji 1 zuwa 3, an ba ni fassarar takardar da za a raba, kuma gobe da safe mai bugawa zai karɓa. Taken ne ya tsaya min: English as an Additional Language (EAL). Na sa "Turanci a matsayin harshe na biyu", amma raina bai kwanta ba.

Baban Ummi:
Wa'alaikumus salam. Ai haka aka koya mana a kwalejin ilimi, harshen uwa da harshe na biyu. Bar shi kawai.

Malamar Aji Biyu:
Malam, leƙo ajina. Akwai yarinyar da ke jin Gbagyi a gida, Hausa a layi, Larabci a Islamiyya. Na kusa da ita Bafulatani ne, na bayansu Jju ake yi a gidansu. Turanci na nawa ke nan? Kuma takardar kacokan tana koya wa malami ne ya fara da abin da yaro ya zo da shi: a bar shi ya faɗi amsa da harshen da ya iya, sannan a ba shi kalmar Turancin. In na ce "na biyu" na share sauran.

Ɗan Kakuri:
Ƙarin harshe. Magana ta ƙare.

Mai Nahawu:
Ba ta ƙare ba. Karin harshe shi ne Sakkwatanci, Kananci, Zazzaganci. Mai bugawa ya cinye lanƙwasar ƙ, Turanci ya koma ɗan uwan Katsinanci. Kada kuma wani ya ce "harshen ƙari", wannan sai a nufi asibiti.

Tsohon Hedimasta:
Na daɗe ina cewa "harshen ɗori", wato wanda aka ɗora a kan na farko. Gajere ne, Hausa ce tsantsa. Sannan ku daina cewa Turanci, Ingilishi ne. Bafaranshe ba Bature ba ne?

Ɗan Kakuri:
Ranka ya daɗe, harshen karaya ya yi da za a kai shi ɗori?

Tsohon Hedimasta:
Yaro, kalma ɗaya ba ta ɗaukar ma'ana biyu? Wannan raina namu shi ya bar mu a nan. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara firamare da harshen uwa ko na yankin. NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa, tana nan Kaduna tun 1976. Amma har yau sunan darasi ma sai mun yi bara a intanet.

Madam Sabon Tasha:
Baba, harshen uwar wa? A ajinmu Hausar ma ɗora ta aka yi wa rabin yaran. Duk lokacin da aka ce harshen uwa a jihar nan, sai a miƙo littafin Hausa.

Baban Ummi:
Ni dai malaman su fara iya Turancin tukuna. Mun manta 2017, da malamai sama da 21,000 a jihar Kaduna suka faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu?

Madam Sabon Tasha:
Iya Turanci daban, iya koyar da shi ga wanda bai taɓa ji ba daban.

Malamar Aji Biyu:
Don Allah jama'a, gobe ne fa. Ga abin da zan yi: a bango, "Koyar da Turanci ga yara masu wasu harsuna". A ciki, "ƙarin harshe", kuma zan tsaya a kan mai bugawa sai na ga ƙ ɗin da idona.

Mai Nahawu:
Ya yi tsawo, amma ba mai ruɗewa. Ki duba da kyau in ya canza kwamfuta.

Tsohon Hedimasta:
Wannan bayani ne, ba kalma ba. Ki sa ɗori ko a ƙasan shafi ne, 'yata, mu ji abin da malaman za su ce.

Malamar Aji Biyu:
Zan faɗa musu da baki, Baba. Saura fassarar kalmar scaffolding, wato tallafa wa yaro mataki-mataki, a shafi na 4.