Amfilifaya mai bawul, ta tiransisto ko mai haɗin biyu: wacce ta dace da falo?

Baban Amira: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Na samu faifan garmaho na marigayi mahaifinmu da na'urar juya su, kuma ina da lasifika biyu na kan kanta, an rubuta 86 dB da om 6 a bayansu. Saura amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya kai ga lasifika. Raina ya kwanta da mai bawul, wato 'yan kwalaben gilashin nan irin na tsofaffin rediyo, amma wasu na cewa in sayi ta tiransisto, wasu kuma mai haɗin biyu. A Kano nake, falon matsakaici ne.

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifi. Ni dai mai bawul zan ce maka, ɗana. Dynaco ST-70 ce a ɗakina, ƙirar da ta fito tun 1959, wat 35 kowane gefe, da bawul EL34 guda huɗu. Idan na sa faifai, muryar mawaƙi fitowa take da kauri da taushi, goge da kalangu kowa a wurinsa, kuma kunne ba ya gajiya ko an daɗe ana ji. Wanda ya saba da wannan sautin da wuya ya koma.

Injiniya Nura: Alhaji, abin da kunnenka ke ji gaskiya ne, kuma yana da dalili. Bawul, musamman mai aiki shi kaɗai a gefe, yana ƙara wa sauti wani amo da kaifinsa ya ninka na asalin muryar sau biyu, kunne kuwa yana jin wannan da daɗi. Sannan idan aka matsa masa fiye da ƙarfinsa, a hankali yake lanƙwasa sautin, ita kuwa tiransisto datse shi take yi, sai ka ji ƙara mai kaushi.

Amma Baban Amira, lambar nan ta 86 ita ce maganar. Ma'anarta ƙarar da lasifika ke bayarwa da wat ɗaya a tazarar mita ɗaya, kuma duk ƙarin 3 dB, wato ma'aunin ƙara, sai an ninka wat sau biyu. Lasifikar Klipsch Heresy tana da 99 dB, shi ya sa amfilifaya mai bawul 300B, wadda wat 8 kawai take bayarwa, ke cika ɗaki da ita. Taka lasifikar sai ta ci kusan ninki 20 na wannan ƙarfin kafin ta kai ƙarar Heresy. In ka haɗa ta da ƙaramar mai bawul, bes zai saki, ganga ta rasa nauyi. Ka nemi ta tiransisto irin Yamaha A-S501 mai wat 85, tana ma da mashigar garmaho a jikinta. Idan tsohuwa kake so, NAD 3020 ta 1978 wat 20 aka rubuta mata, amma ta yi suna wajen jan lasifika masu wuya.

Alhaji Garba: Injiniya, wat 35 na ST-70 ba wat 8 ba ne. A matsakaicin falo za ta ja lasifikarsa, sai dai in biki zai yi.

Injiniya Nura: Haka ne ranka ya daɗe, za ta ja. Damuwata abin da zai biyo baya ne.

Usman Mai Gyara: To bari in faɗi abin da ke biyo bayan, tunda teburina suke zuwa. Na farko wuta. Yawancin tsofaffin masu bawul da ake shigowa da su daga Amurka na bolt 120 ne, mu kuwa 230 muke da shi. Ba a jona su kai tsaye, sai da tiransifoman rage wuta mai ƙarfi, sannan sitabilaiza, domin wutar da ke hawa da sauka tana rage wa bawul kwana. Idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take alhali bawul na da zafi, wannan ma illa ce. Ka kashe, ka jira 'yan mintuna.

Na biyu, kada a taɓa kunna mai bawul ba a jona lasifika ba, tiransifoman fitar da sauti na iya ƙonewa, kuma shi ne mafi tsada a cikinta. Na uku, cikinta akwai bolt 400 zuwa 500, kafasita na riƙe wutar ko bayan an zare waya. Don Allah kada kowa ya buɗe da kansa. In akwai yara a gida a ɗora ta sama da murfinta, gilashin yana ƙona hannu.

Manyan bawul kuma suna ƙarewa bayan 'yan dubban awoyi, a sauya su a daidaita. Manyan masana'antun bawul da suka rage kaɗan ne: Saratov a Rasha, JJ a Sulobakiya, sai na Sin. Da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022 kowa ya ga yadda suka yi wuya suka yi tsada.

Maman Sadiq: Yaya Usman ya gama magana. In ƙara da na sola: irin ta Alhaji tana shan fiye da wat 100 ko ba a sa waƙa ba, duk zafi yake zama. A watan Afrilu kamar ka ajiye kurfoti a falo ne. Mu a inbata muke, ƙaramar amfilifayar Fosi mai aji D, irin mai ƙarancin shan wuta, muke amfani da ita, batir bai ma san tana aiki ba. Sai dai tamu ba ta da mashigar garmaho, sai an saya mata daban.

Baban Amira: Na gode ƙwarai. To mai haɗin biyun fa? Na ga wasu ƙanana masu araha, bawul biyu a sama suna haske shuɗi.

Injiniya Nura: Wannan shuɗin fitila ce aka sa a ƙarƙashi don ado, hasken bawul na gaskiya ja-ja ne kamar garwashi. A wasu masu arahar ma bawul ɗin kusan ba ya taɓa sautin. Ta gaskiya tana sa ƙananan bawul irin 12AX7 a matakin farko, tiransisto kuma su ɗauki nauyin lasifika, kamar McIntosh MA252 mai wat 100, ko na kamfanin Vincent. Ƙananan bawul suna daɗewa sosai, zafi kaɗan ne. Amma kada ka sa ran sautin Alhaji gaba ɗaya, domin babban rabon wannan taushin daga manyan bawul da tiransifoma yake fitowa, su kuwa babu su a nan.

Alhaji Garba: Wannan gaskiya ne. Na ji mai haɗin biyu a gidan wani aminina, tana da daɗi, amma ba ita ba ce.

Usman Mai Gyara: Da kuɗina ne, Yamaha zan saya yanzu. Daga baya in sha'awar na nan, ka sa ƙaramin akwatin ƙara ƙarfin sautin garmaho mai bawul a gabanta. Ka samu ɗanɗanon, kuma bawul biyu kawai za ka riƙa nema.

Alhaji Garba: Kafin ka fitar da ko sisi, ɗauko lasifikarka da faifai biyu da ka fi sani ka zo gidana ranar Asabar bayan la'asar. Nura, kai ma ka taho da amfilifayarka, mu jona su ɗaya bayan ɗaya a ƙara iri ɗaya.

Injiniya Nura: In sha Allah, Alhaji. Zan zo da mita don mu daidaita ƙarar, domin wadda ta fi ƙara ko da kaɗan ita kunne ke zaɓa. Baban Amira, ka duba mana allurar na'urar kafin nan, in ta cinye kada a ɗora ta a kan faifan Baba.